Nozul ɗin motar da ake cusa wa iska: yadda ake zaɓensa da abin da kuskure ke jawowa

Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a 'yan shekarun nan ya ga yadda motocin kan titi suka sauya. A da Fijo 504 ce sarauniyar hanya, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma babu bakaniken gindin darbejiya da bai san kafiretarta kamar yunwar cikinsa ba. Yau malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, da ɗan kasuwar hatsi da ke tasowa daga Wurma zuwa Katsina ko Kano, da yawansu sun koma motocin kwatano na zamani. Cikinsu akwai Marsandi mai rubutun Kompressor a bayanta, da Range Rover mai tambarin Supercharged, da Honda ko Lexus ko Ford masu turbo. Waɗannan motoci ba su da kafireta. Abin da ke shayar da injinsu fetur ɗan ƙaramin ƙarfe ne da bai fi yatsa tsawo ba, wanda makanikai ke kira nozul, wasu kuma su ce injekta.

Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji, amma sanya wanda bai dace ba yana iya narkar da fistin a tafiya guda. A yankin da ba a son mota ta mace wa mutum a daji, ballantana da magariba, wannan ba zancen kwalliya ba ne.

Aikin nozul

Nozul bawul ne da lantarki ke buɗewa. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da matsi zuwa wani bututun ƙarfe da ke kwance bisa inji, nozul-nozul kuma suna maƙale da bututun, ɗaya ga kowace silinda. Kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa birenbos, ita ke aika wuta zuwa naɗin wayar da ke cikin nozul, sai maganaɗisu ya ɗaga wata 'yar allura, fetur ya fita a matsayin feshi mai laushi kamar raɓa. Wuta na ɗaukewa, allurar ta koma ta toshe. Yawan man da inji ya samu ya rataya ne a kan abu uku: girman nozul, matsin da ke bayansa, da tsawon lokacin da ya yi a buɗe, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Marsandi 300 SL ta 1954 ta yi amfani da feshin fetur na kamfanin Bosch, a 1967 kuma kamfanin ya fito da tsarin D-Jetronic mai sarrafa feshin da lantarki a motar Volkswagen 1600. Mu ne dai ta iso wa a makare.

Abin da cusa iska ke sauyawa

Injin fetur yana ƙona mai ƙonewa mai tsafta idan ya samu kilo 14.7 na iska a kan kilo ɗaya na fetur. Inji na gama-gari da kansa yake zuƙar iskar, gwargwadon faɗin silindarsa. Sufacaja kuwa famfon iska ce da bel ke juyawa daga injin, tana danna iska a silinda fiye da abin da za ta iya zuƙa. Turbo ma aikinta ke nan, sai dai ita hayaƙin salansa ke juya ta. Asalin sufacajar da ke yawancin Marsandi masu Kompressor ya koma ga wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, waɗanda suka yi rajistar na'urar hura iska a 1860, kuma ba don mota suka yi ta ba: an fi amfani da ita wajen hura wutar narka ƙarfe, tamkar zugazugin maƙera. Turbo kuma injiniyan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista a 1905.

Idan iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru. Amma ba nan kaɗai lissafin ya tsaya ba. Iskar da aka danna tana ɗaukar zafi, zafi kuma yana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, abin da direba ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ya taka mota a kan tudu. Don kauce wa haka, idan aka take totur har ƙasa, kwamfuta kan zuba mai fiye da ƙima da gangan, ta sauko da ma'aunin zuwa wajen 11.5 ko 12 na iska a kan ɗaya na fetur, domin rarar man ta sanyaya silinda. Ke nan a irin wannan inji fetur aiki biyu yake yi, makamashi ne kuma ruwan sanyi ne. Shi ya sa nozul ɗin da ya ishi injin gama-gari mai ƙarfin doki 160 ba lalle ya ishi mai sufacaja ba, ko da ƙarfinsu ɗaya ne a takarda.

Lissafin girma

Ana rubuta girman nozul ta hanya biyu. Turawan Turai da Japan suna cewa cc kaza a minti, Amurkawa kuma laba kaza a sa'a. Laba ɗaya a sa'a tana daidai da kimanin cc 10.5 a minti idan fetur ne. Galibi ana auna wannan adadi ne a matsin bar 3.

Masu gyaran inji suna da lissafi na gaba ɗaya da suke fara aiki da shi. Ana ɗaukar ƙarfin dokin inji a ninka shi da yawan man da kowane doki ɗaya ke sha a sa'a. Ga injin gama-gari, adadin yana tsakanin laba 0.45 zuwa 0.50; ga mai sufacaja, 0.55 zuwa 0.60, mai turbo ana kai masa har 0.65. Sai a raba abin da ya fito da yawan nozul, a sake rabawa da 0.8.

Wannan 0.8 ɗin ya cancanci bayani, domin a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Injin da ke juyawa sau 6,000 a minti yana kammala zagayen silinda guda, wato juyi biyu, cikin kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan taƙin ne nozul zai buɗe, ya yi feshi, ya rufe, ya huta. Idan aka tilasta masa zama a buɗe kusan dukkan lokacin, naɗin wayarsa zai yi zafi, allurar ba za ta samu zama ba, kwamfuta kuma ba ta da sauran abin da za ta ƙara in inji ya nemi ƙari. Saboda haka aka saba barin aikinsa kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari.

Mu ɗauki Marsandi C200 Kompressor ta farkon shekarun 2000, wadda ke da silinda 4 da ƙarfin doki 163. Idan aka ninka 163 da 0.55, za a samu kusan 90. A raba da 4, a sake rabawa da 0.8, sai a samu laba 28 a sa'a, wato kimanin cc 294 a minti ga kowane nozul. To, a ce mai motar ya sa an canja fulin sufacaja da ƙarami don ta ƙara gudu, an kuma taɓa kwamfuta, har ƙarfin ya kai doki 200. Yanzu lissafin zai zama 200 sau 0.60, ya ba da 120, wanda bayan rabawa ya koma laba 37.5, kusan cc 394 a minti. Ƙarin doki 37 kacal ya sa buƙatar ta tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ƙara iska bai ƙara nozul ba, motarsa za ta yi lafiya lau a cikin gari, sai ranar da ya hau babban titi ya zo wuce tirela, ya danna totur ya riƙe, a lokacin ne man zai gaza, zafi ya hau, kan fistin ya fara ci.

Ya kamata a faɗi wani abu a fili: wannan lissafi na wanda ya sauya wa injinsa ƙarfi ne. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba tsere suke yi ba, motar zuwa ofis da kasuwa ce. Idan ba a taɓa injin ba, kamfani ya riga ya yi lissafin, kuma abin da ake nema shi ne nozul mai lambar da ke jikin tsohon, ba mai kama da shi ba.

Matsin mai

Girman da aka rubuta wa nozul ba tabbatacce ba ne, yana tafiya da matsi. Sai dai ba ya ƙaruwa kai-tsaye: in ana son ninka feshi sau biyu, sai an ninka matsi sau huɗu. Nozul mai cc 300 a bar 3 zai ba da kimanin cc 346 ne kawai a bar 4. Don haka dabarar da wasu ke yi ta ƙara matsi domin ƙaramin nozul ya yi aikin babba ba ta kai mutum nesa, illa ta gajiyar da famfo.

Akwai kuma wani ɓoyayyen abu da ya keɓanta da injin da ake cusa wa iska. Bakin nozul yana feshi ne a cikin bututun da sufacaja ta cika da iska mai matsi, kuma iskar tana ture man baya. Idan mai yana bar 3, iska tana bar 0.7, ainihin matsin da ya rage wa feshi bar 2.3 ne, nozul mai cc 300 ya koma kamar mai 263. An yi asarar kusan kashi 12 cikin ɗari a daidai lokacin da inji ya fi ƙishirwa. Maganin wannan a motoci da dama shi ne ɗan bawul mai daidaita matsin mai, wanda siririn tiyo ya haɗa da bututun iska, ta yadda duk abin da iska ta ƙaru, mai ma ya ƙaru. A wasu sababbin motocin kwamfuta ce ke yin gyaran. Wannan siririn tiyo na roba, zafin Maris zuwa Mayu na ƙasar Katsina yana busar da shi ya tsage, kuma sau da yawa akan canja nozul huɗu a banza alhali laifin tiyon ne.

Famfon cikin tanki ma sai an duba shi. Nozul 4 masu cc 394 suna iya jan kusan lita 95 a sa'a idan duk suka buɗe, kuma famfo yana rage bayarwa gwargwadon yadda matsi ya ƙaru. Babban nozul a kan gajiyayyen famfo daidai yake da faffaɗan bakin tulu a rijiyar da ta ƙafe.

Illar wanda ya yi girma

Tunda ƙarami yana ƙona inji, wani zai ce a sayi mafi girma a huta. A nan ma akwai rami. Kwamfuta ba ta ganin nozul, lokaci kawai take ƙirgawa bisa girman da aka rubuta mata a masana'anta. Idan aka sa mata mai cc 440 a gurbin mai 300 ba tare da an sake mata lissafi ba, za ta buɗe shi tsawon lokacin da ta saba, man da zai zuba kuwa ya ƙaru da kusan rabi. Na'urar sansano iska da ke jikin salansa za ta yi ƙoƙarin ragewa, amma iyakar gyaran da aka ba ta ba ta kai nan ba. Sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mota ta riƙa kakkarwa a tsaye, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Matatar hayaƙin nan da makanikai suka laƙaba wa suna indomi ita ma takan narke ta toshe. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu ma'aikacin da albashinsa zai ɗauki motar da ke zubar da mai ta salansa.

Ko an sake wa kwamfuta lissafi, nozul mai girman gaske yana wahalar sarrafuwa idan mota na tsaye tana aiki, domin ana buƙatar ya buɗe na ɗan lokaci ƙanƙane ƙwarai. Kowane nozul yana da ɗan jinkiri tsakanin isowar wuta da ɗagawar allura, wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan batir ya yi sanyi. Kamfanonin kirki suna bayar da jadawalin wannan jinkiri tare da kayansu. Wanda aka sayo babu jadawali, mai saita kwamfuta lalube zai yi a duhu. A ganina, rarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari bisa abin da lissafi ya bayar ta wadatar.

Wuta, soket da tsawo

Nozul iri biyu ne ta fuskar lantarki. Akwai mai turjiya babba, wajen ohm 12 zuwa 16, shi ne a yawancin motocin fetur na yanzu. Akwai mai turjiya ƙarama, ohm 2 zuwa 4, wanda aka fi samu a tsofaffin motoci masu turbo. Idan aka jona mai ƙaramar turjiya a kwamfutar da aka yi don babba, zai ja wuta fiye da ƙima ya ƙona sashen da ke kunna shi, kuma kowa ya san kuɗin birenbos. Mita ta hannu irin ta masu gyaran wayarin mota tana raba gardama cikin minti ɗaya.

Soket ma iri-iri ne, na Bosch daban, na Denso daban. Tsawon jiki da kaurin zoben roba na sama da na ƙasa su ma sun bambanta. Zoben da bai zauna daidai ba yana ɗigar da fetur a kan inji mai zafi, ƙarshensa gobara. Duk lokacin da aka zare nozul, a sa sabon zobe, a shafa masa ɗan baƙin mai mai tsafta kafin a tura. Sannan akwai siffar feshi: injin da ke da bawul biyu na shigar iska a kowace silinda galibi nozul ɗinsa feshi biyu yake rabawa, kowane ya nufi bawul ɗaya. Mai feshi ɗaya a irin wannan inji bango zai riƙa jiƙawa.

Masu feshi kai-tsaye da na dizal

Duk bayanin da ya gabata na nozul ne mai feshi a bututun iska, bayan bawul. Sababbin motoci masu turbo ko sufacaja da suka fara yawa a hannun manyan ma'aikata, irin su Honda Accord ta 2018 zuwa sama, da Ford masu injin EcoBoost, da Volkswagen masu TSI, da Range Rover mai lita 5.0, suna feshi ne kai-tsaye a cikin silinda. Matsinsu yakan kai bar 150 zuwa 200, wasu har 350. Na dizal na zamani, kamar na Hilux mai turbo, yana haura bar 1,600. A wannan matsi, feshin yana huda fatar mutum, don haka gwajin nan na zare nozul a riƙe a hannu a ba mota wuta haɗari ne na gaske.

Irin waɗannan ba a yi musu zaɓen "wannan ma zai shiga". A yawancin na dizal da wasu na fetur, kowane nozul yana da lambobi a jikinsa da ke nuna ɗan bambancin da aka auna masa a masana'anta, kuma sai an shigar da lambobin cikin kwamfuta da na'ura bayan an ɗaura shi. Zoben da ke bakinsa, na tagulla ko na roba mai jure zafi, sau ɗaya ake amfani da shi. Wanda garejinsa ba shi da na'urar, gara ya faɗa wa mai mota gaskiya ya tura shi Katsina ko Kano ko Kaduna.

Man da muke sha

Ramukan bakin nozul sun yi kusa da kaurin gashin kai, kuma a samansa akwai 'yar matata da ba ta kai ƙwayar wake ba. A garuruwan da gidajen mai ke da nisa ko suke rufewa da wuri, mai mota ba shi da zaɓi sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu. Ba dukkansu ne ke algus ba, amma jarka da mazurari da ke zaune a bakin titi cikin ƙurar hunturu ba sa rasa yashi, tsohon duro kuma ba ya rasa tsatsa da ruwa. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai. Metanol yana cin roba da wasu ƙarafa, kuma yana buƙatar a zuba shi fiye da ninki biyu na fetur kafin ya ƙone daidai da iska ɗaya, don haka garwaya shi yana sa inji ya zama kamar an rage masa mai.

Akwai kuma batun jure matsi. Yawancin injina masu Kompressor an ƙera su ne don fetur mai lambar okten 95, abin da ake sayarwa a gidajen manmu kuwa galibi bai kai haka ba. Kwamfuta tana jin ƙwanƙwasar, ta jinkirta tartsatsin fulogi, ta ƙara mai don sanyayawa. Ma'ana, nozul ɗin motar da ke Dutsin-Ma a watan Afrilu yana aiki fiye da na 'yar'uwarta da ke Jamus. Wannan dalili ne na ƙin matse lissafi, kuma dalili ne na yin tunani sau biyu kafin a ƙara wa sufacaja gudu a wannan yanayi namu.

A wajen saye

Kafin a ɗora wa nozul laifi, a sa na'ura ta karanta kwamfuta. Lambar P0171 tana nufin mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa, P0300 silindu suna tsallake wuta, P0201 zuwa P0204 kuma matsalar wayar nozul ce ta silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. Babu ɗaya daga ciki da ke cewa a canja nozul kai-tsaye. Tiyon iska da ya tsage, da matatar mai da ta toshe, da famfo mai rauni, da kwayil ɗin fulogi, duk suna kawo alamomi iri ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce a musanya nozul ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, a ga ko matsalar ta bi shi.

Idan ta tabbata sai an saya, a tafi da tsohon a hannu, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano za a je, ko Panteka a Kaduna, ko kuwa aike za a yi Ladipo a Legas. A gwada lambar da aka zana a jiki harafi da harafi. Launin roba ba hujja ba ne, domin nozul biyu masu launi ɗaya da soket ɗaya suna iya bambanta da cc 50 ko fiye. Sabo mai araha da ya wuce hankali, mai ɗauke da sunan babban kamfani a kwali mai dusasshen rubutu, abin tuhuma ne. Sau da yawa na kwatano na asali da aka wanke aka gwada ya fi shi.

Gwajin kuwa ba na ido ba ne. Akwai injin da ake jera nozul a kai, kowane ya yi feshi a cikin kwalbar awo na tsawon lokaci guda. Abin dubawa uku ne: kwalaben su cika kusan daidai, bambancinsu kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, feshin ya fito a baje, ba tsiyaya kamar bakin buta ba, in an rufe kuma aka bar matsi, kada baki ya yi ɗigo. A injin da ake cusa wa iska, daidaituwar ta fi muhimmanci, domin na'urar salansa matsakaicin dukkan silindu take gani. Silinda ɗaya na iya fama da ƙarancin mai, sauran ukun su rufe mata asiri, fitilar gargaɗi ba ta kama ba har sai fistin ɗinta ya huje. Saboda haka idan motar ta yi nisan tafiya kuma nozul ɗaya ya mutu, a cire sauran a gwada su tare da sabon, a canja matatar mai a rana guda, sannan a goge tsohon lissafin da kwamfuta ta koya kafin a hau hanya.